Yatsan Inna Delu a Wuyan Randa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina gaida wakilin Sarki, Allah ya ja zamani. Ina gaida Malam Liman, Allah gafarta malam. Ina gaida wakilin magajin gari, da mai unguwa, da dattawan da suka taso tun daga Zinder. Baba Zakari, babban ɗan marigayiya, da Inna Hasana ƙanwarta, da 'ya'ya da jikoki, ya haƙurinmu? Iyayena mata na ƙungiyar masu ginin tukwane ta nan Mirriya, sannunmu da rashi.

Sunana Ramlatu. Daga Droum nake. Shekarata ɗaya da rabi ke nan a garin nan, tun da maigidana ya samu tuƙin mota tsakanin nan da Zinder. Lakkwal, makarantar boko, a aji uku na tsaya, kuma ban taɓa magana gaban manya haka ba, ku yi haƙuri da ni. Da iyayena na ƙungiya suka ce ni zan tashi yau, kwana arba'in da rasuwar Inna Delu, na ce ga waɗanda suka shekara talatin da ita, ni wace ce? Suka ce su in sun tashi kuka za su yi, kuma ni ke gefenta a ƙarshe, ni ta bar ma saƙo.

Jiya Fahad, jikanta, ɗan Baba Zakari da ke karatun zanen kayayyaki a Turkiyya, ya kawo mini takarda. Ya ce ya hutar da ni, ya rubuta abin da zan faɗa. Na zauna ina harhaɗa baƙi har na kai inda aka ce wai marigayiya ta yi farin ciki da sabuwar randar da shi da abokansa suka fito da ita. Na sake karantawa, ko ni ce ban iya ba. Haka ɗin aka rubuta. To ni ba zan faɗi wannan gaban Malam Liman ba, don ina wurin aka yi komai.

Inna Delu ta kasance uwarmu duka. Ranar da na fara leƙa gidanta, baƙuwa, ba ni da kowa a unguwar, ba ta tambaye ni 'yar gidan wa ce ba. Ƙafata ta duba, ta ce wannan ƙafar manoma ce, za ta iya taka yumɓu. Wata biyu ina takawa kafin ta bari na taɓa da hannu. Tukunyata ta farko ta fito a karkace, ta ɗaga ta nuna ma mata ta ce ga shi Ramlatu ta gina ma kaji masallaci. Aka yi dariya, ni ma na yi. Washegari ta zaunar da ni ta kama hannuna da nata.

Ta kasance duk shekara sai ta kai randa masallacin Juma'a, ta kai tasha don matafiya, ta kai gidan haihuwa. Babu wanda ya sa ta. Duk wanda ke zaune nan ya sha ruwa a aikin hannunta, ko ya sani ko bai sani ba.

Ta kasance ba ta sakin aiki don ya yi kyau a ido. Randa in ta fito wuta sai ta ƙwanƙwasa ta ji muryarta, ta cika ta da ruwa, ta bar ta a inuwa yini guda, sannan ta kanga kuncinta a jikinta. In ta ji sanyi da zufa, ta tafi kasuwa. In ba ta ji ba, ta fasa ta nan take. Kuma kowa ya san alamarta: tun yumɓu na ɗanye take danna babban yatsanta a wuyan randa. Mu a Droum, uwata in ta aiki mutum kasuwar Mirriya ba ta cewa a sayo randa, cewa take a sayo mai yatsa. Shekara hamsin wannan yatsan bai taɓa yi ma kowa ƙarya ba.

Sai bara da hutu Fahad ya zo da abokan karatunsa uku. Aka ce furoje ne, wato wani aiki na makarantarsu, za su yi aiki tare da mu. Tare da mu, haka suka ce, kuma sun maimaita ta ya fi sau ɗari. Inna Delu ta yi murna, ta yanka masu zabi, tana ta tsokanar Fahad wai mijinta ya dawo da gemu amma bai kawo mata ko zane ba.

Sati uku suka yi. Ba wanda ya tuɓe takalmi ya taka yumɓu ko sau ɗaya. Sun dai kawo ƙananan takardu masu launi suna liƙa mana a bango, suna tambayarmu mene ne matsalarmu. Muka ce itace ya yi wuya, kuma kayan na fashewa a amalanke kafin a kai kasuwa. Suka rubuta, suka liƙa, iska ta kwashe. Suka auna randa da igiyar awo, suka ɗauke ta foto ta sama da ta ƙasa, kamar mara lafiya a asibiti. Ana nan suka kira mu taro suka ce sun gano matsalar. Wai randarmu tana yoyo.

Muka dubi juna. Inna Hasana ta ce wace ce ke yoyo a ciki, a kawo ta a gani. Suka nuna zufar da ke jikinta. Jama'a, zufar randa. Abin da yarinya 'yar shekara biyar ta sani, mutum huɗu sun hau jirgi sun zo sun ce ciwo ne. Suka ce ƙaiƙayin geron da muke cakuɗawa a yumɓu datti ne, shi ke sa jikinta ya yi kaushi, a daina sawa. Suka ce a shafe ta da man ƙyalli irin wanda minizye, wato kafinta, ke shafa ma ƙofa. Har gindin ma wai a baje shi don ta zauna a kan tebur. Ni dai a raina na ce, tebur ɗin wa?

Inna Delu ba ta yi faɗa ba. Ta ce ma Fahad ya gaya ma baƙinsa ƙaiƙayin nan shi ke ƙonewa a wuta ya bar ƙananan ƙofofi, ta nan ruwa ke fitowa iska ta buga shi, shi ne sanyin. In aka toshe, an gama. Ya fassara masu. Suka yi murmushi, suka gyaɗa kai, ɗaya ta rubuta a kayenta na rubutu ta ce maganar ta yi daɗi ƙwarai. Daga baya na tambayi Fahad a ina aka sa maganar, ya ce a wajen al'adun tsofaffi.

Ta ce masa: "Maigida, ashe Turkiyya ka tafi koyo yadda ake ɗumama ruwa? Da ka tambaye ni, rana na nan kyauta."

Muka gina masu guda arba'in yadda suke so, don baƙi ne, kuma ɗan gida ne ya kawo su. Amma ta ce ba za ta sa yatsanta ba. Ta faɗa gaban kowa. Abin da ba mu sani ba, tun satin farko sun sa ta danna yatsa a wani ɗan curin yumɓu, wai na tunawa ne. Ashe sun kai shi Zango can Zinder an yi masu kashe, wato hatimi, irin wanda ake buga ma takarda a ofis. Ranar da muka tafi suna a maƙwabta, randunan na shanye ba su gama bushewa ba, suka bi su ɗaya bayan ɗaya suka buga. Daga nan su suka kwashe su aka gasa, mu ba mu ƙara duba su ba.

Suka ɗauki biyu suka hau jirgi. Sauran aka shiga da su kasuwa.

Ranar kasuwa ta biyu ina zaune gefenta sai ga Malam Suma'ila, tsohon da ke kula da ruwan tasha, ya turo ɗaya a amalanke. Ya sauke ta gabanta, mutane na kallo. Ya ce matafiya sun ce ruwan wankan jego yake ba su. Ya ce shi yatsa ya gani ya ɗauka, bai ko ƙwanƙwasa ba. Sai ya sassauta murya ya ce: "Delu, in hannu ya gaji, a huta. Ba abin kunya ba ne."

Ta juya randar ta ga yatsanta. Ta daɗe tana dubawa. Da ta so sai ta ce aikin jikanta ne, kowa ya ji. Ba ta ce ba. Ta ba shi wata cikin nata, ta ce mini in tattara kaya. Daga ranar ba ta sake zama kasuwa ba. Ba ina cewa wannan ya kashe ta ba, kwananta ne ya ƙare, Allah ya sani. Amma na ga abin da ya yi mata.

Abin da har yau na kasa ganewa, wai can makarantarsu an ba su lambar yabo. Fahad ya nuna mini foton a waya: randar a kan farin tebur, an haska mata fitila, Turawa na zagaya ta da hannu a baya. Na ce wa ya sha ruwan? Ya ce ba a zuba ruwa a ciki. To malaman nan da suka yaba, me suka yaba? Ko can ba a jin ƙishirwa? Ni ban yi karatu ba, wataƙila akwai abin da ban gane ba. In akwai wanda ya gane a nan, ya gaya mini bayan an tashi.

Yanzu ga dalilin da ya sa na tsaya. Mun ji akwai wata takarda da za a kawo ma Baba Zakari yau bayan addu'a, ya sa hannu a ci gaba da buga yatsanta a kan irin waɗancan randunan, a riƙa kai su waje. Wai don girmama ta.

Baba Zakari, ka yafe mini, ni ƙaramar yarinya ce kuma baƙuwa, kuma na san ɗanka ne. Amma kwana uku kafin ta cika, ina shafa mata ƙafa, ta ce mini: "Ramlatu, in na tafi, ki ce ma Zakari kada a bar yatsana yana yawo." Ban ƙara ko kalma ba. Na isar, ka ji gaban shaidu. Kada ka sa hannu, Baba. Ta rufa ma jikanta asiri a tsakiyar kasuwa, ta ɗauki kunyar da ba tata ba. Ya isa haka.

Kai kuma Fahad, ga ka can kana duban ƙasa. Kashen nan yana cikin jakarka. Ka miƙa ma Inna Hasana kafin ka bar wurin nan. In aikin kake so da gaske, ramin yumɓu na nan inda ka bar shi, sai dai ba a shiga da takalmi.

Mu kuma 'yan ƙungiya mun yanke shawara, an ce in sanar. Daga yau babu wata a cikinmu da za ta danna yatsa a wuyan randa. Duk wanda ya ga sabuwa mai yatsa, a Mirriya ko a Zinder ko a bayan teku, ya sani ba ta Delu ba ce. Yatsan Delu mun binne shi tare da ita.

Mun gode ma duk wanda ya bar aikinsa ya zo, Allah ya ba da lada, ya mai da kowa gida lafiya. Allah ya jiƙan Inna Delu, ya yafe mata kurakuranta, ya sanyaya makwancinta, ya shayar da ita kamar yadda ta shayar da mu. Allah ya ba iyalinta haƙuri, ya shirya mana zuri'a. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Malam Liman, bisimilla, a yi mana fatiha.