Gwaji Biyu a Teburin Masassara

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. Sunana Hannatu, daga Kore Mairuwa. Kun san ni da shiru, yau kam sai ku yi haƙuri da bakina.

Shekara biyu ke nan da maigidana Ishaku ya rasu. Ya dawo cin rani daga Kwatano ya rame, ga tari, bai kai girbi ba. Bayan zaman makoki, abokin tafiyarsa ya ja ni gefe ya ce, "Hannatu, ki tahi a duba jininki, ke da yarinya. Sida ce ta kashe shi, wato ƙanjamau."

Ban gaya wa kowa ba, har uwata. Ni nawa bai dame ni ba. Rahila, ɗiyata, ita ce tsorona, don nonona ta sha.

Sau uku na hau mota zuwa babbar likita, wato asibiti, a Dutsi. A lokacin ɗakin gwajin daban yake, can gefe, da ƙofarsa, wanda duk ya shiga an san abin da ya kai shi. Kuma wa ke zaune daidai ƙofar tana sayar da gyaɗa? Wata 'yar unguwarmu. Sau uku ina sayen gyaɗa in koma gida. Kuɗin mota tun daga Kore Mairuwa don gyaɗar dala biyar, ku dubi wauta.

Sai na janye jikina. Na daina zuwa zumuntar mata, na daina shiga gidan suna. In Rahila ta yi tari sau ɗaya, sai in zauna ina ƙirga haƙarƙarinta da ido. Ina cikin mutane, amma ba ni da wanda zan ce wa ina jin tsoro. Kaɗaicin nan ya fi ciwo zafi.

Da daminar bana masassara ta kama Rahila, na kai ta ƙaramar likitar garinmu. Muna kan benci, jikinta zafi rau a cinyata, na sunkuyar da kai na ce, "Ubangiji, na gaji da ɓoyo. Waccan ƙofa ba ni iya shigarta. In kana son in sani, kai ka san dabara."

Da layi ya zo kanmu, ma'aikaciyar, Madam Zuwera, ta tura ƙofa, ta huda yatsan Rahila don gwajin masassara. Tana jiran sakamako ta ce, "Yanzu duk wanda ya zo nan muna tambayar shi ko yana son gwajin sida, nan kan teburin ga. Tsohon da ya hita yanzu ma na tambaye shi. In ba ki so, ba dole."

Na ce, "Su na waje za su sani?"

Ta ce, "Mi za su sani? Masassara kuka kawo."

Na miƙa mata yatsana, na miƙa na Rahila.

Ta duba, ta sake nawa da wani gwaji, sannan ta jawo kujerarta kusa da ni. Ta ce, "Ke kina da shi, kuma akwai magani, za ki rayu ki ga aurenta. Ita ba ta da shi."

Na ce ta sake faɗi. Ta sake. Na yi kuka har Rahila ta tsorata ta kama yi ita ma. Madam Zuwera musulma ce, amma da na ce "Na gode Yesu" ba ta saki hannuna ba.

Wata huɗu ke nan ina shan magani. A tagar da kowa ke karɓar na ciwon kai nake karɓar nawa. Ƙarfina ya dawo, da kaina na yi girbin hatsina.

Ba zan ce an cire mini ciwon ba, yana nan. Tsoro Ubangiji ya cire mini, ya kuma bar mini ɗiyata lafiya lau. Yabo ya tabbata gare shi! Mai ɗauke da irin kayana, ka dogara gare shi, in sun tambaye ka ka miƙa yatsa.

Ban da Madam Zuwera, ku ne na farko da kuka ji wannan daga bakina, uwata ma yanzu take ji, ga ta can baya. Ban san wanda zai zauna kusa da ni Lahadi mai zuwa ba. Amma zan zo. Amin.