Harafi Ɗaya Suka Ɓata

A layin burodi a unguwar Mahjar, can ƙasa mai tsarki, Indo, wadda ba ta daɗe da fita takaba ba, tana sauraron saƙon 'yarta a waya. Wani dattijo ya tsoma baki.

"Hajiya, ina yarinyar take?"

"Sifaniya, Larabci take koyarwa. Ɗalibanta Khuwairiyya suke kiranta, bakinsu ya kasa Juwairiyya."

"Har sunan sun lalata? Halas, kira ta ta dawo gida!"

"Wane gida, Alhaji? Namu na unguwar Karantina an rushe, ubanta yana kabari, iƙamarta ta zama a ƙasar nan ta bi shi. Nan aka haife ta, shekara talatin ana ce mata Takruniyya, wai bare ce. Su can harafi ɗaya suka ɓata, kuma sai sun fara cewa malama. Gara kaɗaici ya kashe ni, ba zan kira ta ba. Yalla, matsa gaba."