Kaset ɗin Inna Rahama

Ran kasuwar Madarunfa, Inna Rahama ta tako daga Gabi da kaset ɗin da ɗanta ya aiko mata daga Katsina, don ba ta da rediyo. A rumfar mai kaset ta tarar da wani mushe, ɗan boko mai jaka, yana faɗa kan kwafar waƙoƙi.

"Sata ce! Muryar mutum tasa ce, ba a taɓa ta sai da izini."

Aka sa mata nata. Ɗan nata ya gama gaisuwa, ya shiga maganar ciwon da yake ɓoye wa kowa.

"Ƙara murya kaɗan," in ji mushe.

Ta dafe rediyon. "Mushe, izinin wa ka nema?"

"Haba Inna, wannan ai ba waƙa ba ce."

"Au, sai an buga wa mutum kalangu muryarsa ke zama tasa?"

"Ni doka nake faɗa."

"Madalla. To ta kai ka inuwar can."

Ya kwashi jakarsa ya koma gindin bedi. Sai da ta ga ya zauna ta ce wa mai rumfa, "Maido daga farko, kai ma ka je ka taya shi hira."