Wayar surukina ta zaɓa mini ra'ayi

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Sa'idu daga Dakoro.

Ran kasuwa surukina ya buɗe portabul ɗinsa, wato wayar hannu, wai akwai tambayoyin intanet masu gano ra'ayin mutum na siyasa. Yana karanta mini yana gyaɗa kai, ni kuwa ina durƙushe. Wa ke musu da suruki? Duk inda ya gyaɗa kai sai in ce, "Haka ne, Baba," har batun rage burtali, alhali da shanu nake ci.

Waya ta ce ra'ayinmu ɗaya. Yanzu kowane taro sai ya ja ni in mara masa baya. Wallahi na gaji.

Masu sauraro, ku ba ni shawara: yaya zan ƙaryata waya ban ƙaryata suruki ba?