Baƙar 'Yartsana a Dilar Gwanjo

A kasuwar Kakuri aka fasa dilar kayan wasa. Zakariyya'u mai faci ya miƙa hannu ke nan, wata mata ta riga shi ɗaukar baƙar 'yartsanar ƙyalle, ita kaɗai cikin tarin farare. Abin ya tsaya masa a rai.

"Madam, wannan za ki kai wa yara? Dubi leɓe ja wur har kunne! Turawa ne suka ɗinka ta don su yi mana dariya. Sayar da ita ma cin mutunci ne."

"Na sani, Malam. To sakar mata ƙafa mana."

Ya duba, ashe yana riƙe da ƙafar. Bai saki ba.

Ya ce, "Saboda 'yata ne. Kullum farare nake kai mata. Jiya na tarar tana goga alli a fuska."

Matar ta gyaɗa kai.

"Tawa ma ta ƙarar min da hoda. Zan farke bakin, in sake ɗinka shi irin na mutane."

"Kin iya ɗinki?" Ya ƙura wa yatsunta ido. "'Yarki ta more. Ni sai facin taya."

Sannan ya saki ƙafar.