Ranar Da Muka Gudu Daga Ƴaƴanmu

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Ceto. Salamarsa ta zauna a gidajenku.

Sunana Rahila, amma a nan Diffa Uwar Iliya ake ce mini. Ban taɓa zama a lakwal ba, wato makarantar boko. Matar pasto ce ta riƙe alƙalami ina faɗa, kuma na ja mata kunne kada ta gyara mini magana. In kun ji ta da kaushi, tawa ce.

Ƴan zumuntar mata sun san ni ba mai yawan tashi ba da shaida ba ce. Ba na son a mai da gaban Ubangiji wurin hira. Amma wannan, in na yi shiru na ci amana.

Mu mutanen Maraɗi ne. Aikin gini ya kawo maigidana Bitrus gabas, muka zauna wajen Tumur shekara da shekaru. A can na haifi ƴaƴana, a can na binne shi. Da abin nan ya zo, kun san shi, ba sai na kira sunansa ba, da ƙafa muka baro garin, tukunya na kan wuta. Tun ranar na koyi karatu guda: in ka ga mutum yana gudu, ba ka tambaya. Ka gudu tukuna, in kun tsira ka tambaya. Duk wanda ya zauna bakin kogin Komadugu ya haddace wannan karatu, Kirista da Musulmi, Babarbare da Bafulatani.

Tsoro ya zauna mini a ƙirji kamar ɗan haya marar ranar tashi. Ƙyaure ya buga, na miƙe tsaye. Taya ta fashe a kasuwa, na nemi hanyar gudu. Ina zuwa sujada, ina waƙa, ina cewa amin da ƙarfi, amma kunnena ɗaya kullum yana waje.

Iliya ne autana, shi kaɗai ya rage a hannuna. Jandarma yake son shiga, kuma konkur ɗinsu, wato jarrabawar shiga, akwai gudu a ciki. Sai shi da abokansa suka fara fita da safe. Ba ƙungiya ba ce, ba shugaba, wanda ya farka ya zo, su shida ko bakwai, su bi kwalta cikin gari su dawo sharkaf da gumi.

Na ce masa, "Gudu ba a kore ka ba, wannan wace irin ƙoshi ce?"

Ya ce, "Inna, espor ne, motsa jiki."

Na ce, "Espor! Mu da muka yi shi daga Tumur wa ya ba mu takarda?"

Ya yi dariya ya wuce. Na bar shi, tunda cikin gari ne.

Abin da ban sani ba, sai daga baya na ji, abokinsa Abba Kaka ya ce musu kwalta ba ta gina ƙafa. In suna son ƙarfi na gaske, su shiga mota zuwa wani ƙauye ta hanyar Shetimari, su sauka gaɓar kogi, su gudo zuwa gari ta ƴar hanyar masunta, cikin ƙaya da kaba da kwazazzabai da laka. Iliya bai gaya mini ba, don ya san amsar da zai samu.

Asabar ɗin da abin ya faru lokacin sanyi ne, ana ɗiban tattasai. Na tafi aikin yini a gonar Ba Modu, wani dattijo Babarbare, mu mata da yawa, kowa da kwanonta. Gonar tana bakin ruwa. Hanyar masuntan nan tana fitowa daga cikin kaba ta yamma, ta bi gefen gonar, ta hau tudu. A kan tudun akwai soji, sun jera buhunan yashi, su ke tsaron masu gonaki. Injin ban-ruwa na ta ruri a bakin kogi, sai ka ɗaga murya kafin ta kusa da kai ta ji ka.

Ya Falmata ce ta fara gani. Ita ce ta kusa da ni, tsohuwa ce kamar ni, mai baki kamar reza. Na ga kwanonta ya faɗi.

"Wayyo Allah! Sun ƙetaro! Sun ƙetaro!"

Na ɗaga kai. Can cikin kaba na ga kawuna suna sama suna ƙasa. Maza ne, suna gudu. Fuskoki a naɗe da tsumma, jakunkuna a baya, na gaban yana riƙe da wani abu dogo. Kuma ba a warwatse suke ba kamar waɗanda aka koro. A jere suke, wannan bayan wannan, ƙafa ɗaya. Wannan jerin shi ya kashe mana jiki. Mai tsoro ba ya gudu a layi.

Ƴan'uwa, ban san lokacin da na zubar da tattasaina ba! Muka watse muna kururuwa, muka nufi tudu wajen soji. Mai goyo na gudu, mai ciki na gudu. Ba Modu da tsufansa ya wuce ni kamar saurayi.

Ni ban yi nisa ba. Ƙafata ta faɗa cikin magudanar ruwa, na kife, gwiwata ta bugi ƙasa. Na yunƙura, ta ƙi. Na ce to, yau ce. Na juya don in ga inda mutuwa ta kawo.

Sun fito fili ke nan. Na bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, sai na kai kan na kusa da ƙarshe. Yana jefa ƙafar hagu waje in zai taka. Haka Iliya ke yi tun da ya faɗo daga kan jaki yana ƙarami. Ko cikin dubu aka sa shi, ko buhu aka rufa masa, uwa ta san tafiyar ɗanta.

Ɗana ne! Tsumman fuska na sanyi ne, jakunkunan na ruwan sha ne!

Kada ku ce na ji sanyi a raina. A nan ne tsoro na gaske ya fara.

Domin na ga sun ƙara wuta. Suna waiwaye, suna ihu. Sun ga mata suna gudu suna kururuwa, su ma ƴaƴan Komadugu ne, sun haddace karatun. Suka ɗauka abin yana bayansu. Mu muna gudu daga gare su, su suna gudu daga abin da suke zaton ya kore mu, kuma duka wuri ɗaya muka nufa.

Na ɗaga kai na dubi tudu. Ku tsaya can ku duba da idon soja. Me zai gani? Mata suna kuka suna gudu, maza masu rufe fuska sun fito daga kogi suna bin su. Na ga sojin sun kwanta bayan buhuna. Na ga bakin wata babbar bindiga yana juyowa a hankali.

Aka harba sama. Tsuntsaye suka tashi. Yaran suka duƙar da kai suka ƙara gudu, don a zatonsu daga baya aka harbo.

Na buɗe baki na kira shi. Iliya! Iliya! Injin ya haɗiye muryata, ni kaina ban ji ta ba.

A cikin lakar nan na yi addu'a, kuma ba addu'ar Lahadi ba ce mai gabatarwa. Na ce, "Yesu, kana gani. Ba ni da ƙafa, ba ni da murya. Ka ɗauki Bitrus, ban yi maka gardama ba. Ka bar aka kore ni daga gidana, ban bar ka ba. Wannan kada ka bari a kashe mini shi a banza a gaban idona. Yesu, ka yi wani abu!"

Ba zan yi muku ƙarya ba, ban ji murya daga sama ba, ban ga haske ba. Tsoron ma bai tafi ba, jikina rawa yake kamar mazari. Abin da na sani, gwiwar da ta ƙi tashi ta tashi. Kuma ni da duk rayuwata nake gudu, na ga ƙafafuna sun kai ni tsakiyar hanya sun tsaya. Fuskata wajen yaran, bayana wajen bindiga. Ina jin bakinta a tsakiyar bayana kamar an ɗora mini garwashi.

Sai injin ya yi tari, ya sake tari, ya mutu.

Shiru! Irin shirun da har numfashin yaran nake ji.

Na tattara duk abin da ke cikina na ce, "Iliya ɗan Bitrus! Zauna ƙasa!"

Kuna cewa ina da zafi, na sani, yana dawo mini. To ranar zafin ya yi rana. Yaron nan bai tsaya tunani ba. Yana cikin gudu ya zube zaune kamar an sare masa ƙafafu. Na bayansa ya ci karo da shi ya kife. Na gaba suka ja birki suna haki.

Na ce, "Kai mai sanda, yar da ita! Ku cire tsummokaran nan, marasa hankali! Hannu sama!"

Abba Kaka ne mai sandar, don karnuka ya riƙo ta. Ya ce, "Mama, ki gudu, suna bayanmu!"

Na ce, "Ba kowa bayanku. Ku ne. Ku ake gudu."

Na ga maganar ta shiga idonsa. Ya dubi tudu, sandar ta faɗi da kanta.

Sannan na juya. Na tuge ɗankwalina don su ga furfura, na ɗaga hannu biyu, ina tafiya ina ɗingishi ina cewa, "Ƴaƴanmu ne! Kada ku harba, ƴaƴanmu ne!" Ban san ko suna ji ba. Kowane taku ina jiran ƙara. Ina cewa Yesu, Yesu, Yesu, ba wata kalma a bakina.

Sai na ji muryar Ya Falmata daga kan tudu. "La ilaha illallahu! Wancan ba jikan Ya Amsa ba ne? Abba Kaka, kai ne? Bari in sauko, ɗan banza, yau ni ce ajalinka!"

Ubangiji mai iko! Ban taɓa jin zagi mai daɗi kamar wannan ba.

Soji suka sauko suka kwantar da su suka bincika. Gorunan ruwa, dabino, sandar kare. Shef ɗinsu, wato babbansu, ya yi faɗa har muryarsa ta dishe, kuma yana da gaskiya. Ya riƙe su har la'asar, sai da mai unguwa ya zo ya tsaya musu. Ya Falmata kuwa ta cika alkawari, da takalminta. Da ta gaji da Abba Kaka ta koma kan Iliya, ban hana ta ba.

Ba Modu ya je ya duba injinsa ya dawo yana girgiza kai. Ya ce, "Ya Rahila, mai ne ya ƙare. Jiya ban samu isasshe ba."

Na ce, "Wa ya auna shi ya ƙare daidai lokacin?"

Ya ce, "Allah ne."

Na ce, "To, a nan mun haɗu."

Amma ga abin da ya sa na ce a rubuta wannan. Ina zaune kan tudu ana ɗaure mini gwiwa, sai na ga wani soja a bayan buhuna, ya cire hularsa yana amai. Yaro ne, sa'an Iliya, gemu ma bai gama fito masa ba. Na ja jiki na je kusa da shi.

Hausarsa ba ta nuna sosai ba, ɗan yamma ne. Ya ce, "Mama, ni ne a kan babbar. Yatsana yana ciki. An ce mini in sun wuce bagaruwar can, in buɗe."

Na dubi bagaruwar. Inuwarta tana taɓa wurin da Iliya ya zauna.

Ya ce, "Da na kashe su, me zan gaya wa uwata?"

Ban tambaye shi sunansa ba, ban tambaye shi addininsa ba. Na kama kansa na ɗora a kafaɗata, ni da ba na rarrashin ko nawa. Muka yi kuka tare, ni da wanda ya kusa harbe ɗana.

Iliya yana nan, kuna ganinsa ran Lahadi. Sakamakon konkur bai fito ba, kuma ko ya fito ko bai fito ba, yana numfashi. Ku samari, ku buɗe kunne: nan ba wurin da ake gudu don nishaɗi a bakin kogi ba ne. In za ku yi, ku sanar, ku buɗe fuska, ku tsaya inda aka san ku.

Ku kuma ƴan'uwana masu tsoro irina, ba zan ce muku na warke sarai ba. Har yau ƙara na girgiza ni. Amma na gani da idona, ba sai tsoro ya tafi ba kafin Yesu ya yi aiki. Ina rawa ya tashe ni, ina rawa ya tsayar da ni. Ku kira shi yadda kuke, ko cikin laka ne, ko addu'ar ba ta da kai da gindi. Yana ji ko injin duniya duka na ruri.

Ni ɗa guda na roƙa. Ya ba ni nawa, ya mayar wa uwaye shida nasu, ya kuma tsare hannun ɗan wata mata can yamma daga jini. Ita ba ta ma san an yi ba. To ku taya ni godiya, ni da ita duka.

Yabo ya tabbata ga Yesu. Amin.