Baƙin Ƙarfe da Iskar Kwatano

Son ƙyalli ciwo ne, na kuwa ga wanda ya kayar a teburin mai shayi a Zongon Kwatano, zamanin juyin juya hali da kowa ke ce wa kowa kamarad. Wani dattijo yana ta murmushi, sai wani baƙo mai buhu ya zauna kusa da shi.

"Baba, wannan fara'a fa?"

"Nasara ce, kamarad. Sassaƙa ƙarfe nake yi a inji. Bara ƙungiyar masu amalanke ta sa ni in yi mata sandunan taya. Na gasa su, na tsoma a baƙin mai. Shugabansu, wanda ban taɓa gani ba, ya maido mini, wai juyin juya hali ba ya tafiya a kan baƙin ƙarfe."

"Ai mai ƙyalli ya fi. Mu a Maraɗi gogewa muke yi."

"Maraɗi akwai teku? Iskar Kwatano gishiri ce. Wani ya goge masa su kamar madubi, damina ɗaya tsatsa ta cinye. Yanzu an ce nemana yake."

"Ba laifinsa ba ne, mai gogewar ya rantse mini..."

"Ya rantse maka?"

Baƙon ya tura buhunsa na sanduna masu tsatsa ƙarƙashin benci.

"Sha shayinka, shugaba. Baƙaƙen nan matan kasuwar Tokpa sun saye, sun sa wa amalankensu, suna ta dako da su."

Amalanken baƙon goma sha biyu suna jingine ba taya, kuma kafin sati shugabancin ma ya suɓuce masa.